Takardar da na aika wa mahaifin Sanusi

Ni ne na yi kuskure, kuma ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na yi shi ba. Ina faɗa muku ne, ku ƙananan malamai, don kada wani ya maimaita.

A lokacin ni ne malamin ladabtarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Bakura. Dokarmu ita ce, idan ɗalibi ya yi fashin kwana goma a zango ɗaya, malamin aji ya kawo mini rajista, ni kuma in rubuta takardar kiran uba. Uban ya zo, a karanta masa ranakun, ya sa hannu. Da yawa kuma sukan nemi bulala su hori ɗansu da kansu a gaban asambuli, mu kuwa muna ganin wannan shi ne uba nagari.

Sanusi ɗan aji biyar ne, shekararsa sha shida, mai ƙoƙari a lissafi. A zango na biyu ya yi fashin kwana sha uku. Malamar ajinsu, Malama Hajara, ta biyo ni ofis ta ce, "Malam, gidansu ba lafiya. Uwar ta yi yaji tana garinsu Damri da ƙanana biyu. Tun kafin ta tafi ma ba sa magana da mijin, ta bakin yaron suke zagin juna. A kira kawunsa dai."

Na ce, "Uban ya mutu ne?"

Ta ce a'a. Na ce to, doka uba ta ce.

Shi ma Sanusi ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yi man bulala ko ɗari, kak ka kira Baba." Na ɗauka tsoron duka ne irin na yara. Ban tambaye shi inda yake zuwa ba.

Na aika takardar. Mahaifinsa, Malam Garba, ya zo ranar Litinin daga gonarsa ta shinkafa, da taɓo a ƙafa. Muka gaisa sosai, sannan na karanto masa ranakun ɗaya bayan ɗaya a gaban ɗalibai. Ina karantawa fuskarsa tana sauyawa. Ashe ya hana yaron taka Damri, shi kuwa yakan fito da kayan makaranta ya hau keke ya kai wa ƙannensa hatsi. Da bakina na tona shi.

Uban ya ce, "Wurin uwakka ka ka zuwa, ko? Ita ta aiko ka ka ci mutuncina!" Ya karɓi bulala daga hannuna. Wallahi ba ɗansa yake duka ba, matarsa yake duka, don sunanta yake kira. Da ya zagi mahaifinta, sai Sanusi ya miƙe ya riƙe bulalar. Bai ɗaga masa hannu ba, riƙewa kawai ya yi. Amma a gaban jama'a ne.

Malam Garba ya saki bulalar ya ce, "Wanga ba ɗana ba ne, na uwatai ne. Kak ka sake kwana gidana." A makon ya aika wa matar da takardar saki. Sanusi bai koma aji ba. Muka ji ya bi masu haƙar zinari can ƙasar Maradun. Ni na cire sunansa daga rajista.

Aikinmu yana koya mana ƙirga ranakun da yaro bai zo ba, ba ya koya mana tambayar inda ya je. Yaron da iyayensa ke faɗa, duk ɓangaren da ya juya ya saɓa wa ɗaya.

Bayan shekara huɗu na gan shi a kasuwar Talata Mafara yana dakon buhuna, ya rame, haƙoransa sun yi ja. Ya ajiye buhu ya gaishe ni da ladabi. Na tambaye shi labarin babansa, ya ce ya rasu bara, ba su shirya ba.

Na ce ya dawo, zan nema masa gurbi. Ya ce, "Malam, wanne aji?" Ya sunkuya zai ɗauki buhunsa.

Na riƙe masa hannu, mutane suna kallo, na ce, "Sanusi, ka roƙe ni ban ji ba. Ni na raba ka da ubanka, ba kai ba. Don Allah ka yafe mini."