Shaho da Ɓarawon Gefen Ido

Ɗan gwaggona mai gyaran agogo, Shaho ake ce masa, don a zamaninsa yakan hango tururuwa a tsallaken titi ya gaya maka ƙafar da take ɗingishi da ita. Shagon da ya gada wurin ubansa bai fi akwati ba: teburi, fitila, sai agogunan bango da kowanne ke faɗin tasa ƙaryar.

Ana nan sai Shaho ya fara dambe da ƙyaure. Kofin shayi in dai a gefensa yake, sai ya yi wa agogon mutane wanka. Maƙwabta suka ce girman kai ne, ana ɗaga masa hannu yana wucewa kamar sabon attajiri.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka je a duba idon nan."

"Idon da ke ɗaura kusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba? Ke dai kin iya ajiye kujera a hanya."

Ranar da mai keke ya kwashe shi ta hagu da rana tsaka, ta ja shi asibiti. Ya karance haruffan allo har layin ƙasa, yana yi wa matarsa gwalo. Likitar da ke duba shi ba ta yi dariya ba. Ta ɗiga masa magani, ta taɓa ƙwayar idon da wata na'ura don auna matsin ruwan ciki, ta haska jijiyar da ke can baya, ta daɗe tana kallo. Sannan aka sa fuskarsa a bakin wani farin kwano, aka ba shi madanni.

"Kalli tsakiya kawai. Duk ɗigon hasken da ya ƙyalla a gefe, ka danna."

Shaho ya gyara zama, babban yatsa a ɗane. Ya danna nan da can, ya ci gaba da jira.

"Ranki ya daɗe, yaushe za a fara na gasken?"

"Ai an gama, Malam."

Ta ce hawan jinin ido ne. Ba zafi, ba ja, daga gefe yake ci a hankali har ya iso tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi, ɗigon magani kullum ne zai tsare ragowar.

Suka fito, shi da matarsa. A bakin titi ya tsaya cak. Motoci sai su ɓullo gabansa kamar daga ƙasa suka tsiro.

"Kina nan?"

"Ga ni kuwa, kafaɗarmu na gogar juna."

Ya miƙa hannu ya laluɓo nata.

"To dawo gabana. Nan ba na ganinki."