Baba Elias da Binciken da Ya Kulle

Ƙarfe bakwai da rabi, Baba Elias ya riga ya share ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta a Samaru, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, ya zauna jiran masu matsala. Shekara talatin ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idanu sun gaji.

A akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa akwai ɗaruruwan faya-fayai, aikin ƙungiyoyin nan masu fasa makullin manhaja, waɗanda ba wanda ya san fuskarsu, sai sunan ɓoye da ɗan kiɗan da suke maƙalawa a aikinsu. Yakan ce, "Kamfani nawa ya mutu a kan idona? Su kuwa waɗannan, wasu tun ina saurayi nake jin sunansu."

Bai taɓa kiran kansa waliyyi ba. A da ya saka wa ɗalibai fasassun manhajoji, don na asali sun fi ƙarfinsu. Da na kyauta suka wadata, su ya koma koya musu, ya ce kowa ya huta.

Bara Malama Hafsatu ta zo daga Palladan da faifai ƙulle a gefen gyale. Binciken marigayi mijinta ne kan irin dawa, aikin shekara ashirin, amma manhajar da ke buɗe shi ta ƙi tashi sai da izinin kamfanin da ya rufe tuntuni. Masu gyara uku a Sabon Gari sun ce ta haƙura.

Ta ce, "Baba, ko shafi ɗaya ne, in gani."

Ya ce, "Ki dawo Laraba, Malama. Amma ban yi alkawari ba."

Kwana uku yana gwada faifai bayan faifai, har ya faɗa kan wani mai ɗauke da irin wannan manhajar, wadda aka fasa tun kafin a haifi 'yar Malama Hafsatu. Ranar Laraba ya juya mata allon. Sunan mijinta ne a sama, binciken kuma yana nan cif. Yanzu 'yar tata, Naila, ita ke ci gaba da aikin.

Kai ne, Baba, mai haƙurin da ya ƙi yarda aikin wani ya bi shi kabari. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma masu gyaran yau, kafin ku ce wa mutum ya haƙura, ku ba shi ko da kwana uku ne.