Faston da Na Ture Ranar Auren Ɗiyata

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji biyu kaɗai na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin malaminmu ya kore ni don na saka masa ƙadangare cikin aljihun riga. Ɗan karatun Hausa da nake taƙama da shi, wani tsoho ne ya koya mini shi bisa tabarma bayan na girma, kuma labarin wannan tsoho nake so in ba ku yau. A lokacin da abin ya faru ni dillalin albasa ne a wani ƙauye na ƙasar Malbaza, gemuna ya soma fari amma hankalina bai soma ba. Bakina ne gonata. Ina iya sa mai saye ya rantse cewa ruɓaɓɓiyar albasa turare take yi. Mutane suna dariyar tsiyata, ni kuma na ɗauka dariyar mutane lasisi ne na yin duk abin da na ga dama.

Mu Kirista ne, gidaje kaɗan a cikin gari na Musulmi, kuma jini ya gauraya, babu gidan da ba ka da dangi a ɗaya ɓangaren. Matata marigayiya daga wajen Badaguishiri take. Musulma ce, da ta aure ni ta bi addinina, yayanta ya ɗauke ƙafa daga gare ta. Fiye da shekara ashirin bai taka gidana ba. Ko ranar da muka binne ta, daga can bakin gona ya tsaya, ya ɗaga hannuwa ya yi addu'arsa, ya juya. Ta bar mini ɗiya guda, mai kamarta har tafiya. Wannan ɗiya ce aure ya zo mata da wani yaro mai hankali, makanike a Konni.

Majami'armu ta laka ce da rufin kwano, mai kula da ita kuma tsohon nan, wanda kowa ke kira Baba Fasto, har Musulmin gari. Shi ya ɗaura aurena, shi ya yi wa ɗiyata baftisma, shi ya karanta addu'a bisa kabarin uwarta. Amma tsufa ya ci shi. Haƙoran gaba sun tafi, in yana magana sai ka ji ɗan fito yana biyo kalma. In ya soma wa'azi kan aure, kafin ka ankara ya shiga batun yadda ake zaɓen irin hatsi. Kwat ɗinsa guda ce, ruwan toka, gwiwar hannu ta sha faci. Yana da wata al'ada da duk yankin aka san shi da ita: ba ya soma ɗaurin aure sai an idar da sallar azahar. Yakan sa a jera benci a bakin ƙofa, a buɗe tagogi, don dangi Musulmi waɗanda ba sa son shiga ciki su zauna su ji. In ya zo wurin tambayar wa ya ba da yarinya, sai ya taka har bakin ƙofar, ya kira babban danginta da sunansa, ko da ba Kirista ba ne. Yakan ce aure ba na mutum biyu ba ne, kuma ba ya ɗaura igiya alhali rabin masu riƙe ta suna masallaci.

Ni kuwa shekara guda kafin nan na je wani biki a Konni, na ɗan wani abokin sana'ata wanda muke ɗan gasa da shi. Na ga wani matashin fasto da kwat baƙa mai ƙyalli, da lasifika, da masu kiɗa, yana juya Hausa yana juya Faransanci, ana ɗaukar bidiyo. Tun ranar abin ya shiga raina kamar ƙaya. Na ce a zuciyata, ni da ake kira sarkin baki a kasuwa, a ce tsoho mai fito da haƙora ne zai tsaya cikin hoton ɗiyata? Na je na sami matashin. Kada in ɗora masa laifi, mutum ne mai ladabi. Abu na farko da ya tambaye ni shi ne ko faston garinmu ya yarda. Na ce masa ai tsohon ne ma ya aiko ni, ƙafa ta kumbura, ba ya iya tsayuwa. Na dawo gida na sami Baba Fasto yana gyaran igiyar jakinsa, na durƙusa, na sa murya ta tausayi, na ce dangin ango ne suka matsa sai nasu faston, ni ma ba a son raina ba. Ƙarya biyu, kowace ta tafi gidanta, na ji kaina gwani.

Tsohon ya ci gaba da murza igiyar. Can ya ce ba komi, aikin Ubangiji ne, ko wa ya yi shi daidai ne, shi zai yi sanarwar Lahadi uku kamar yadda aka saba. Sai dai ya ce yana da roƙo guda. Ashe ɗiyata ta daɗe da roƙonsa ya je wurin kawunta, yayan uwarta. Ashe tafiye-tafiyen da yake yi ranar kasuwar Badaguishiri, da muke tsammanin magani yake saye, wurin mutumin yake zuwa. Zuwan farko ba a ba shi ko ruwa ba. A hankali aka shimfiɗa masa tabarma. A zuwa na ƙarshe kawun ya ce zai zo, da sharaɗin ba zai shiga ciki ba, kuma ba zai bar sallarsa ba don bikin kowa. Tsohon ya ba shi alkawari cewa ba za a soma ba sai ya sallame, kuma shi za a kira a bakin ƙofa. Ya riƙe hannuna ya ce: “Ka gaya wa baƙon faston nan, kada ya soma sai bayan azahar. Na ba da kalmata.” Na ce an gama. Ina fita na yi dariya. Mutumin da bai zo ba matata tana da rai, yau ne zai zo don tsoho ya yi masa fito? Ban gaya wa matashin komi ba. Ba mantuwa na yi ba, raini ne.

Ranar biki ta zo, Asabar ce. An riga an sa hannu a meri, ofishin magajin gari, tun ranar Alhamis. Da hantsi motar matashin fasto ta shigo da masu kiɗansa, gari ya ɗauka. Ya ja ni gefe ya ce akwai jana'iza da ta taso masa a Konni, dole ya koma da wuri, ko za a iya matso da lokaci a soma kafin azahar? Ya ƙara tambaya ko akwai wanda ake jira. Wannan ita ce ƙofa ta biyu da Allah ya buɗe mini in faɗi gaskiya. Na duba masu bidiyo, na duba abokin gasata da ya zo cikin babbar riga, na ce babu kowa. Na aika a gaya wa mata su fito da amarya. Ɗiyata ta aiko gwaggonta ta ce mini ai ba a yi azahar ba, kuma ina Baba Fasto? Na ce a gaya mata tsoho yana hanya, kawunta kuma ya aiko ba zai samu zuwa ba. Ƙarya ta uku ke nan, ita ma ta fita da santsi kamar sauran.

Abin da ban sani ba, tun da safe tsohon ya ɗaura amalankensa ya tafi bakin kwalta taryen baƙo. Motar kasuwa ta sauke kawun, suka hau amalanke tare, tsohon fasto da tsohon alhaji, jaki yana jansu a hankali. Da suka kai ƙauyen da ke kafin namu aka kira salla. Kawun ya shiga masallaci, Baba Fasto ya zauna a inuwar bango cikin kwat ɗinsa mai faci, ya rungume ƙunshin da baƙon ya zo da shi, yana jira, hankalinsa kwance don ya bar saƙo a hannuna. A daidai lokacin ni ina tsaye gaban majami'a, ƙirji a buɗe, ana tambaya wa ya ba da yarinya, na amsa da murya har lasifika ta yi ƙara. Na lura ɗiyata tana ta waiwayen ƙofa ta cikin mayafi. Bencunan da tsohon ya jera da hannunsa kafin ya tafi suna nan wayam, don dangi Musulmi duk suna wurin alwala. Na gani, na kau da kai wajen mai hoto.

Muna fitowa, mata na guɗa, sai ga amalanke ya tsaya a gindin itacen bedi. Ba zan manta yadda kawun ya sauko ba. Ya sa farar riga sabuwa, har alamar ninki tana jikinta. Ya dubi taron, ya dubi zoben da ke hannun yarinya, ya gane. Bai dube ni ba, tsohon ya duba. Ya ce: “Malam, ashe kai ma haka kake?” Ina tsaye taku biyar daga wurin. Tsohon ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya ba ni lokaci. Ni da bakina ba ya rufuwa a kasuwa, ranar harshe ya manne. Da ya ga ba zan yi magana ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce: “Alhaji, ni na yi alkawari, ni ne ban cika ba. Ka gafarce ni.” Kawun ya karɓi ƙunshin, ya ajiye shi gaban ɗiyata, ya juya ya kama hanyar kwalta a ƙasa. Tsohon ya bi shi da amalanke yana roƙo ya hau, bai hau ba. Da aka kwance ƙunshin, zanen saƙi ne na kakar yarinya, wanda ya kamata a ba uwarta ranar nata auren aka hana.

Aka ci shinkafa, aka watse. Gari ya raba laifin biyu, wasu suka ce baƙon fasto ne mai gaggawa, wasu suka ce tsufa ya sa Baba Fasto ya rikita lokaci. Ni har taya su nake, ina girgiza kai ina cewa tsufa ba daɗi. Ɗiyata ba ta taɓa tuhumata ba. Sau ɗaya kawai, da na kai mata babban hoton bikin da na sa aka yi wa gilashi, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin gado. Tsohon kuwa bai canza mini fuska ba. Ranar Lahadi yana miƙo mini gurasar Jibin Ubangiji kamar kowa. Kullum ina cewa sai bayan girbi in je in yi magana, sai bayan an kwashe albasa. Damina uku ina wannan lissafi, a ta ukun ya kwanta kwana huɗu ya tafi.

Bayan mun binne shi na kasa zama. Na hau mota na je Badaguishiri, na sami surukina, kawun ɗiyata, a zaurensa, na cire takalmi tun daga waje, na faɗi komi, ƙarya ukun duka, ban yi musu ado ba. Na shirya ya zage ni, har na so ya zage ni. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce tsohon nan ya zo masa sau uku bayan bikin yana neman gafara, kuma sau ukun ya bar shi tsaye cikin rana, bai shimfiɗa masa tabarma ba, a na ƙarshe ma ya aika aka ce ba ya nan alhali yana jin tarinsa a waje. Ya ce ko sau ɗaya tsohon bai ambaci sunana ba. Sai ya dube ni, karon farko cikin shekaru masu yawa, ya ce: “Kai ka samu wanda za ka roƙa. Ni wa zan je in roƙa?”

Da ɗiyata ta haihu kawun ya zo suna. Ya yi azahar ɗinsa, muka jira shi, ya zauna kan bencin bakin ƙofa. Kafin ya koma ya ce in nuna masa kabarin Baba Fasto, ya tsaya can ya daɗe, ni ina nesa kamar yadda shi ya taɓa tsayawa. Mutane suna cewa ai ga shi an shirya, in kwantar da hankalina. An shirya, amma wanda ya yi wahalar shirin bai gani ba, ya tafi da sunan mai saɓa alkawari, ni na rataya masa.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Ku da za ku aurar da ’ya’yanku a majami'a, in kuna zaɓen wanda zai ɗaura, kada ku soma da kwat ko lasifika. Ku tambayi wanda ya san danginku, na ciki da na bakin ƙofa, wanda ya san wa ake jira. In dole sai baƙo, ku haɗa shi da na gida su yi magana baki da baki, kada saƙo ya bi ta hannun irina. Ku tambayi yarinya abin da take so, don aurenta ne, ba bikin uba ba. In kuma kun yi wa mai haƙuri laifi, kada shirunsa ya ruɗe ku ku ce sai bayan girbi. Wannan hannu da nake rubuta muku da shi, tsohon ne ya riƙe shi ya koya masa ja da baƙi. Abin da ya kamata in faɗa masa a gindin bedi cikin numfashi ɗaya, ga shi na cika takarda da shi, kowa zai karanta ban da shi.