Bushiya a Layin Rijiya

Har yau ina jin haushin kakata, Inna Ladi, kan tatsuniya ɗaya da ba ta taɓa ƙarasa mana ba. A Tsafe muke lokacin. In an ci tuwo sai mu kewaye murhu, tana tura mana gyaɗa cikin toka.

"Ga ta nan tafe gare ku," in ji ta. Wai an yi fari, rijiya ɗaya ta rage a daji, hankaka ke tsara layi. Giwa in ta kafa kai ba ta ɗagowa. Bushiya kuwa barci take, in ta farka kurɓi ɗaya take so. Hankaka ya ce duk wanda ya farka ya koma ƙarshen layi, har ƙishi ya kusa kashe bushiya. Sai ya sauya doka: mai farkawa ne gaba. Kurege ya shiga barcin ƙarya yana farkawa, giwa ta bushe a tsaye.

"To sai hankaka yac ce..." Sai gyangyaɗi ya ɗauke ta. Kullum a nan! In na tambaye ta da safe ta harare ni: "Tatsuniya da rana? Ɓacewa kaka son yi?" Ta rasu ba ta faɗa ba.

Yanzu a Gusau nake aikin kwamfuta. Wata makaranta ta ba ni haɗa na'urar koyar da karatu, muryar na'urar na ta yankewa, suka ce in gyara ko su ba wani. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci, shi ne hankakan. Aikin murya barci yake, ya farka yana son ɗan lokaci kaɗan. Na bar shi a baya, murya ta kakare. Na sa duk mai farkawa gaba, sauran ayyuka suka sandare. Kamar in jefar da na'urar.

Ina cikin tsaki na tuna ƙanwata Hadiza. In ta farka tana kukan ruwa, Inna takan tsaya tsakiyar magana, ta ba ta ludayi ɗaya tak, ta ci gaba. Ran da na kwaikwaye ta ni ma na samu, da na maimaita aka ce, "Kai ka sha naka, jira."

Haka na saita kanel ɗin: mai farkawa a sallame shi da wuri, a ba shi kaɗan, a tuna ya sha. Murya ta fita tas. Na zauna ina kallon na'urar, ba wanda zan girgiza in tambaya ko abin da hankaka ya ce ke nan.