Rahoton da Na Rubuta da Jan Biro

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, kuma babu shekarar da ban koyar da amfanin itatuwa ba. Sai in rubuta guda biyar a allo, yara su yi ta maimaitawa. Wanda ya manta na huɗu, in aike shi ya karyo mini tsumagiya daga dalbejiyar bakin ƙofa. Haka aka horar da mu, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba.

Lokacin da tashin bama-bamai ya iso Gombe, ina koyarwa a unguwar Madaki. Ajina ya cika da 'ya'yan 'yan gudun hijira, yaran da ko ka tambaye su sunansu sai su sunkuyar da kai. A zangon nan aka kawo mini wata ɗaliba daga kwalejin horar da malamai, 'yar unguwar Herwagana, ta yi gwajin koyarwa a hannuna. Ni zan rubuta rahotonta. In na ce ta iya, ta fita da takardarta. In na ce ba ta iya ba, sai ta maimaita shekara.

Wata rana ta same ni ina duba littafin darasinta.

"Baba, gobe zaizayar ƙasa zan koyar. Ga ta nan a kwazazzabon bayan aji, me zai sa mu zana ta a allo?"

Na ce, "Malama, a zamanin nan da ko jakar yaro sai an caje a ƙofa, za ki kwashi yara waje?"

"Ai ba za mu fita ba, Baba. Kwazazzabon ne ya shigo mana, shi ko cajinsa ba a yi ba."

Na yi dariya, na ƙyale ta.

Buta biyu ta ɗauka. Ta zuba ɗaya a kan ƙasa tsurarta, ɗaya a inda ciyawa take, ta tambayi yara me suka gani. Ba ta faɗa musu komai ba, jira kawai ta yi. Can sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce a garinsu ciyawar jema ake dasawa a bakin gona, saiwarta ke riƙe ƙasa. Nan fa baki ya buɗe, kowa na faɗin yadda ubansa yake yi. Kafin mako ya ƙare sun dasa jema a bakin kwazazzabon, suna tara ruwan alwala da na wankin hannu suna ba ta.

Da abin ya tsaya nan, da ban yi laifi ba. Amma hedimasta ya gani, ya kuma ce mini a gaban malamai, cikin raha, "Malam, kai ma ka leƙa ka ɗan ƙaro karatu mana." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini.

Ranar rahoto na ɗauki jan biro. Na rubuta cewa ajinta hayaniya ne, ba ta ba yara rubutu sosai, tana kuma fitar da su a lokacin rashin tsaro. Babu layin da za ka ce ƙarya ne, amma na san abin da nake yi. Malamin kwalejinsu bai samu zuwa ya gani da idonsa ba, saboda shingayen hanya da fargabar lokacin, sai aka yi aiki da maganata. Ta faɗi.

Da ta tafi na hana ban ruwan, na ce ɓata lokacin karatu ne. Damina biyu bayan haka kwazazzabon ya cinye bayan gidan makarantar da kusurwar ajina. Wurin da bai taɓa ba ɗan taƙi ne, inda jemar ta ƙi mutuwa. Kullum sai na wuce ta gabansa.

Sai da na yi ritaya na iya neman ta. Na same ta tana koyarwa a garin Kwadon, na faɗa mata komai a tsaye, a bakin ajinta.

Ta ce, "Na sani tun a lokacin, Baba. Na yafe. Abin da ya dame ni ɗaya ne, babana ya so ya ga takardar nan, shekarar da na maimaita ya rasu."

Sai ta zagaya bayan aji, ta tono mini jema cike da buhu, ta ce kada in bari saiwar ta bushe a mota.

Na dasa ta a Madaki da hannuna, ta kuma kama. Sabon hedimasta ya ce in riƙa zuwa ina yi wa masu gwajin koyarwa bayani. Nakan je, sai in fara da rahoton.