Shaddar da Malam Issoufou Bai Yanka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya yi wa Malam Issoufou rasuwa, telan nan ɗan Maraɗi mai shago a unguwar Hor Al Anz, a nan ƙasar Larabawa, bayan gajeriyar rashin lafiya. Labarin ya iske ni a ofis, ina sanye da kaftanin da ya ɗinka mini.

Malam, kai ne ka hana mu zaɓen yadi cikin sanyin shago. Kowa ya zo, sai ka saɓa masa yadin a kafaɗa ka ce, "Yalla, maza je masallaci ka dawo, sannan mu yi magana." Ni da na zo daga Kano da kwaɗayin shadda mai nauyi, haka na dawo sharkaf da gumi, kana ta dariya: "Dikko, mai nauyi na biki ne, marar nauyi na neman abinci."

Ban manta da Baturen Sikotilan ɗin nan ba, wanda ya kawo ulu mai kauri kamar bargo, yana son siket ɗin mazan ƙasarsu da suke kira kilt. Shi ma ba ka ɗaga masa ƙafa ba. Da ya dawo fuska ja wur, ka gaya masa gaskiya: mai kauri ya fi riƙe ninki, iska ba ta ɗaga shi, amma na yau da gobe a garin nan sai marar nauyi. Ya ce a ɗinka duka biyun.

Kai kam ba ka ɗinka wa kanka biyu ba. Shuɗiyar shaddarka mai nauyi tana can saman kantar shago. Kowace Sallah mu ce ka yanka, ka ce, "Shwaiya, a bi a hankali, wannan ta gida ce, sai ranar ɗaurin auren Najiba." 'Yarka ke nan, kuma bayan Babbar Sallah aka sa ranar. Wannan abu yana yi mini ciwo, Malam. Da ma ka ji maganarmu ka sa ta, ko sau ɗaya.

Da hannunmu muka naɗe ka cikin farin ƙyalle marar nauyi. Shaddar kuwa ta tafi Maraɗi, almakashi bai taɓa ta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka, Ya tufatar da kai tufar Aljanna. Hajiya Barira, uwargidan Malam, da Najiba, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa albarka a auren da bai gani ba. Amin.