Gidan Abincin da Mista Etim Ya Gano a Koki

Ko na manta da ranar da na yi ritaya, ba zan manta da ranar da Mista Etim ya shigo ofis kamar zai yi kuka ba, wai an rufe masa gidan abinci. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, wannan darasi ne da ba a koyarwa a jami'a.

Lokacin ina masinja a ƙaramin asibitinmu na Koki. Masinja, ga wanda bai sani ba, shi ne na ƙasa da kowa a takarda, amma in bai zo ba ko fayil ɗaya ba ya motsi. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, saboda ni da malamin lissafi ra'ayinmu bai zo ɗaya ba. Sama da ni akwai akawu da nas-nas, can ƙololuwa kuma Incaji, wato shugabar asibitin, Hajiya Binta.

Ɗakin gwajin jininmu ya daɗe a kulle, gizo-gizo ne kaɗai ke aiki a ciki. Mace da tsohon ciki sai ta hau adaidaita ta tafi babban asibiti ta wuni a layi. Sai wata damina aka turo mana Mista Etim, ma'aikacin gwajin jini, mutumin Kalaba, dogo, mai sanyin hali, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ya buɗe ɗakin, unguwa ta huta.

Matsalar ɗaya ce, ciki. Daga Sabon Gari yake zuwa da sassafe, da rana kuma ya duba wayarsa ta nuna masa gidajen abinci can bayan ganuwa. Sai ya zauna da burodi da lemon kwalba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Rannan ya ce wa Incaji zai nemi canjin wurin aiki.

Ta kira ni. "Baba Ɗanlami, in yunwa ta kore mana mutumin nan, ɗakin nan ya sake rufuwa, kai zan kama."

"Ranki ya daɗe, ni kuku ne?"

"Kai ne ka san kowace tukunya daga nan har Ƙofar Na'isa. Cikinka shaida ne."

Na zaunar da shi, na gyara hula, na ba shi lacca da Turancina na gado. Na ce a cikin birni abinci mai daɗi ba ya rataya allo. Ka kashe waya, ka bi hancinka. Inda ka ga tabarmi a ƙofar gida, takalma birjik, dattawa suna ci ba mai magana, to nan ne. Ni kuwa a makon an ɗora mini zirga-zirgar sakatariya, don haka shi kaɗai ya fita.

Ya dawo fuskarsa tana sheƙi. Yadda ya ba ni labari, yayyafi ya ɗauke kenan, katangun ƙasa suna fitar da ƙamshin nan nasu, hayaƙi yana rarrafe a lungu kamar bai son tashi. Ya bi ƙamshin man shanu, lungu ya miƙa shi ga lungu, har ya ɓullo wata rumfa. Aka matsa masa, aka turo masa tire. Funkaso ne da miyar taushe, kabewa ta narke a ciki. Ya ce da ya kai loma sai ya ji kamar yana zaune a ƙofar kicin ɗin uwarsa ana ruwa.

Washegari dambu da zogale. Wata ranar alkubus, wata ranar tuwon shinkafa mai laushi kamar auduga. Ya ce wurin akwai tarbiyya, duk wanda ya zo sai an ɗaga hannu an yi addu'a, shi ma yana ɗagawa, har ya iya "amin". Da ya sa hannu a aljihu sai su girgiza kai, ya ɗauka a ƙarshen wata ake biya. Ni kuwa na riƙa tafiya a asibiti ina buɗa kafaɗa.

Sai ranar da nake gaya muku. "Baba, sun rufe! Ba tabarma, ba kowa!"

Na ce mu je in gani. Muna shan kwana na hango gidan, na gane shi. Gidan marigayi Alhaji Mamman baduku ne, mai jakunkunan fata. Ni kaina na je jana'izarsa. Mista Etim mako guda ya yi yana cin abincin zaman makoki.

Babban ɗan marigayin, Alhaji Sani, yana zaure. Yana ganinmu ya miƙe ya riƙe hannun Etim da hannu biyu. "Baba Ɗanlami, ashe ka san bawan Allahn nan? Kullum sai ya zo, ya zauna shiru, yana ci yana hawaye. Mun ce cikin abokan cinikin Baba ne na Kudu."

Na ce, "Alhaji, hawayen na yaji ne."

Da na fassara wa Etim, sai ya dafa bango. Ya ce yau zai bar garin, ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Na ga ɗakin gwaji yana rufuwa a idona, na ga Hajiya Binta.

Alhaji Sani ya yi dariya har ya share ido, dariyarsa ta farko tun rasuwar. Ya ce, "Gaya masa Baba bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. A zauren nan yake zama da kwanonsa yana jiran mai wucewa. Ya samu baƙo har bayan ransa."

Sannan ya nuna mana kwanukan da aka wanke aka jera za a mayar. Abincin makoki ai ba gidan mamaci ke dafawa ba, maƙwabta ke aikowa, kowane gida da abin da ya fi iyawa, kuma kowane kwano da ɗigon fentin gidansu a gindi don kada ya ɓata. Ja, gidan masu funkaso, suna sayarwa ma in ka yi sallama a zaure. Shuɗi, masu dambu. Etim ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda yake duba jini a madubinsa. Alhaji ya ce kuma zaurensu a buɗe yake duk azahar, ana ciyayya.

Bai nemi canjin ba. Ya sayi langa tasa, ya ɗiga mata koren fenti. Incaji ba ta ba ni ko lambar yabo ba, amma na yafe.

Bayan shekaru, da mai ɗakina Ladi ta rasu, ina zaune a tabarma ban san me ake turo mini ba. Sai na ga wata langa da koren ɗigo a gindi. Miyar ganye ce irin ta garinsu, da kifi, shi ya dafa da hannunsa. Dattawan Koki suka sa hannu, wuri ya yi tsit.

To ku da ake turowa sababbin wurare, abin da na koya kenan: ma'aikaci ba ya zama a gari sai ya san inda zai ci, kuma ba ya zama ɗan gari sai kwanonsa ya shiga gidan wani. Dokata kuwa tana nan daram, ku bi tabarma da takalma. Sai dai in kun isa, ku fara tambaya ko lafiya.